FASHIN BAƘI: Tukunya ba tsoka: Yadda gidajen birnin Zariya za su samu sinadarin gina jiki ba tare da nama ba

Duk wanda ya tsaya kusa da rumfunan mahauta a kasuwar birnin Zariya da hantsi zai ga yadda ciniki ya sauya. Magidancin da a da yake sa a yanka masa tsoka, yau ƙashi da kayan ciki yake tayawa. Wani kuma wucewa yake yi kai tsaye wajen masu kayan miya, ko kallon teburin mahauci ba ya yi. Daga Kwarbai zuwa Limancin Kona, daga Ƙofar Doka zuwa Ƙofar Gayan, akwai gidajen da ba sa ganin nama da yawa a tukunya sai ranar suna, ko biki, ko Babbar Sallah.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tun daga 29 ga Mayu, 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin fetur, kuɗin dakon dabbobi da na hatsi ya tashi. A watan Yunin 2024, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ya haura kashi 40 cikin ɗari. Ga kuma satar shanu da hare-haren 'yan bindiga a yankunan Giwa da Birnin Gwari da dazuzzukan Katsina da Zamfara, waɗanda suka kori makiyaya da dama daga mazaunansu.

Tambayar da ke gaban iyaye ita ce: shin iyali za su iya rayuwa cikin ƙoshin lafiya ba tare da nama ba? Amsar masana abinci ita ce za su iya, amma da sharuɗɗa. Wannan fashin baƙi ya duba sharuɗɗan, ya kuma duba inda hakkin gida ya tsaya, na gwamnati ya fara.

Masu barin nama da ganin dama, da masu barinsa dole

A wasu sassan duniya, ƙaurace wa nama zaɓi ne. A Indiya, binciken da cibiyar Pew ta fitar a 2021 ya nuna kusan mutum huɗu cikin kowane goma na manya suna ɗaukar kansu marasa cin nama, akasari saboda addini. A Ingila an kafa ƙungiyar masu ƙaurace wa nama tun 1847. A Habasha, mabiya cocin Otodoks suna shafe kwanaki masu yawa a shekara suna azumin da ke hana su nama da madara da ƙwai.

Su ma masu wannan tsari ba ɗaya suke ba. Akwai waɗanda suka bar nama da kifi amma suna shan madara suna cin ƙwai, kuma su ne suka fi yawa a ƙasashen Turai. Akwai masu shan madara kaɗai ban da ƙwai, kamar yawancin masu ƙaurace wa nama a Indiya. Akwai masu cin kifi ban da naman dabba. Sai kuma masu tsauri, waɗanda ba sa kusantar duk abin da ya fito daga jikin dabba, har da zuma.

Mutumin birnin Zariya ba ya cikin ko ɗaya daga waɗannan ta fuskar aƙida. Nama halal ne a wurinsa, layya ibada ce, kuma tsire da balangu da kilishi abin alfahari ne a ƙasar Hausa. Babu wanda ke neman ya haramta wa kansa abin da aka halatta masa. Amma idan aka duba abin da ke shiga cikinsa daga Litinin zuwa Lahadi, sai a ga ya yi kama da na rukunin farko: hatsi, wake, ganye, ɗan nono, ƙwai jefi-jefi. Bambancin shi ne, waɗancan sun tsara abincinsu da sani, shi kuwa hali ne ya jefa shi. Abin da ya kamata mu ɗauka daga wurinsu shi ne tsarin.

Mene ne furotin, kuma nawa jiki ke buƙata?

Furotin shi ne sinadarin da jiki ke gina tsoka da fata da jini da garkuwarsa da shi. Ana iya kwatanta shi da katanga, tubalanta kuma su ne ake kira amino asid. Iri ashirin ne. Jiki na iya ƙera goma sha ɗaya da kansa, sauran taran kuwa dole daga abinci za su zo.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa baligi mai lafiya yana buƙatar kimanin giram 0.83 na furotin a kan kowane kilo na nauyinsa a rana. Ke nan mai nauyin kilo 60 yana buƙatar kusan giram 50. Mai juna biyu da mai shayarwa suna buƙatar ƙari, haka ma yaro mai tasowa idan aka auna da nauyinsa.

Yanzu a dubi abin da ke cikin kwanon awo. A kowane giram 100 na busasshen wake akwai furotin kimanin giram 23 zuwa 24. Waken suya ya zarce haka, yana da kusan giram 36. Gyaɗa na da kimanin 25, gurjiya kusan 19, riɗi kusan 18. Ɗanyen naman sa marar ƙashi kuwa kimanin giram 20 yake da shi. Ƙwai ɗaya na ba da giram 6, kofi ɗaya na madara ko kindirmo kusan giram 8.

Hatsi ma ba fanko ba ne. Gero da dawa suna da kimanin giram 10 zuwa 11 a kowane giram 100, masara kusan 9, shinkafa kusan 7. Da yake su ne muka fi ci, abin da suke bayarwa a yini ba kaɗan ba ne.

Ga misali. Mutum ya ci tuwo da koko da fura da aka yi da giram 250 na gero ko dawa: ya samu kusan giram 25. Ya ci giram 100 na wake, wanda bai ma cika gwangwanin madara ɗaya ba, a matsayin ƙosai ko garau-garau: ƙarin giram 23. Ya tauna gyaɗa cikin tafin hannu: kusan giram 7. Ya sha nono kofi ɗaya: giram 8. Jimilla ta haura giram 60, ba tare da ko yanka ɗaya na nama ba. Gaskiya ne jiki bai cika narkar da furotin na tsirrai kamar na dabba ba, shi ya sa wannan rarar take da amfani.

Auren hatsi da wake

Akwai dalilin da ya sa ake cewa nama da ƙwai da madara sun fi inganci: suna ɗauke da duka amino asid tara ɗin nan a ma'aunin da jiki ke so. Hatsi yana da ƙarancin ɗaya daga cikinsu mai suna laisin. Dangin wake suna da laisin da yawa, amma suna da ƙarancin wani mai suna metiyonin, wanda shi kuma hatsi da riɗi suke da shi. Idan aka haɗa biyun, kowanne ya toshe giɓin ɗan'uwansa.

Kakanninmu ba su san waɗannan sunaye ba, amma girkinsu ya bi ƙa'idar. Koko da ƙosai hatsi ne da wake. Haka wake da shinkafa. Haka fura da nono, sai dai nan nono ne ya tsaya a madadin wake. Kunun gyaɗa shinkafa ce ko gero da gyaɗa. Faten tsaki, wanda Zazzagawa suka yi suna a kansa, idan aka zuba masa wake ko dakakkiyar gyaɗa da rama, ya zama cikakken abinci. Tuwo da miyar gyaɗa, ko miyar kuka da aka saka wa garin wake, ko miyar agushi, duk tafiyar ɗaya ce. Ba kuma lallai ne a ci su a kwano ɗaya ba. Idan an ci hatsi da safe, wake da rana, jiki zai haɗa su da kansa.

Matsalar tana zuwa ne idan talauci ya raba wannan aure. Koko ba ƙosai, shinkafa da mai da yaji ba wake, ɗanwake da aka cika wa garin rogo ko fulawa har waken ya zama suna kawai, taliya da ɗanɗanon kanti: waɗannan suna cika ciki amma ba sa gina jiki yadda ya kamata. Rogo da garin kwaki sun fi kowa talauci a nan, domin furotin ɗinsu bai wuce kashi ɗaya zuwa biyu cikin ɗari ba.

Awara, ƙuli-ƙuli da sauran dukiyar da aka raina

Da la'asar, kusan kowane lungu a birni akwai mai suyar awara. Ana kallonta a matsayin abin ƙwalama na yara da 'yan mata, alhali tana cikin abinci mafi inganci da talaka zai iya samu. Furotin na waken suya ya fi na sauran tsirrai kusanci da na dabba. Irin wannan awara ce mutanen Sin da Japan suka daɗe suna dogaro da ita. Jihar Kaduna kuma tana cikin manyan masu noman waken suya a Najeriya. Ana iya yanka awara a miya kamar nama, ko a haɗa garin gasasshen waken suya da garin tuwo ko na kunu. Sharaɗi ɗaya ne: waken suya yana buƙatar wuta sosai, domin ɗanyensa na ɗauke da sinadaran da ke hana jiki narkar da furotin.

Ƙuli-ƙuli shi ne abin da ya rage bayan an matse mai daga gyaɗa, saboda haka furotin ya taru a cikinsa. Kwaɗon zogale ko na rama da garin ƙuli-ƙuli abinci ne da ya haɗa furotin da bitamin da sinadarin ƙarfe. Daddawar kalwa ma tana da furotin mai yawa, sai dai abin da ake sakawa a miya kaɗan ne, don haka taimako take yi, ba ita za a dogara da ita ba. Duk da haka ta fi dunƙulen ɗanɗano na kanti, wanda yawancinsa gishiri ne.

Haka zancen zogale yake. Ganye ne mai albarka, amma masu tallata shi a kafafen sada zumunta kamar maganin kowace cuta sun wuce gona da iri. Cokali ɗaya na garinsa ba zai maye gurbin kwanon wake ba.

Abin da wake ba zai iya bayarwa ba

A nan ne ya kamata a yi hattara, domin furotin ba shi kaɗai nama ke bayarwa ba.

Na farko shi ne bitamin B12, wanda jini da jijiyoyi da ƙwaƙwalwa ke buƙata. Ba a samunsa ta hanyar da za a dogara da ita a hatsi ko wake ko ganye. Daga dabba yake zuwa: nama, hanta, kifi, ƙwai, nono. Hantar ɗan Adam tana iya adana shi na shekaru, shi ya sa ƙarancinsa ke zuwa a ɓoye, da kasala da ƙarancin jini da jin hannu ko ƙafa na mutuwa. Jaririn da uwarsa ke da ƙarancinsa shi ne ya fi shiga haɗari. Don haka gidan da ba ya sayen nama kada ya yanke nono da ƙwai, ko ɗan busasshen kifi a miya. Ita ma nonon a duba, domin wanda aka tsinka da ruwa ba ya kai kindirmo.

Na biyu shi ne sinadarin ƙarfe, wanda ke gina jini. Akwai shi a wake da ganye, amma jiki bai cika zuƙarsa kamar na nama ba. Bitamin C yana taimakawa: tumatir, tattasai, lemo, gwaiba, ko garin 'ya'yan kuka da ake zubawa a kunu. Shayi kuwa yana rage zuƙarsa, don haka ya fi kyau a jinkirta shi bayan an ci abinci. Jiƙa wake kafin dahuwa, da barin ƙullun koko ya yi tsami, suna rage sinadaran da ke riƙe ƙarfen. Jiƙawa tana kuma rage lokacin dahuwa, ta rage buƙatar kanwa, wadda yawanta ke lalata wasu bitamin. Mai juna biyu kada ta dogara da abinci kaɗai, ta je awo ta karɓi maganin ƙarin jini.

Na uku su ne ƙananan yara, kuma nan ne hatsarin ya fi girma. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, wato tsayinsu bai kai na shekarunsu ba. A Arewa maso Yamma, inda Zariya take, adadin ya kai kashi 57. Tsumburewa ba a tsayi ta tsaya ba, tana shafar ƙwaƙwalwa da karatu da abin da yaro zai iya samu idan ya girma.

Cikin yaro ɗan wata shida zuwa shekara biyu ƙarami ne. Idan aka cika shi da tsinkakken koko, babu sauran wurin wani abu. Shi ya sa ma'aikatan lafiya ke koya wa iyaye mata haɗa garin kunu da gasasshen hatsi da waken suya da gyaɗa, a dama shi da kauri, tare da ci gaba da shayarwa. Ga yaro irin wannan, masana suna ba da shawarar a riƙa ba shi abin da ya fito daga dabba kullum idan da hali. Ke nan idan ƙwai ɗaya aka samu a gida, ɗan yaye ya fi maigida buƙatarsa. Al'adar ware wa maigida tsoka mafi kyau, da camfin cewa ƙwai na koya wa yaro sata, sun cancanci a sake duba su.

Guba a buhu

Idan wake da gyaɗa ne za su tsaya a madadin nama, tsaftarsu ta zama batun rai da mutuwa. A 2015 Tarayyar Turai ta haramta shigar da busasshen wake daga Najeriya, saboda yawan maganin ƙwari mai suna daikulobos da aka samu a cikinsa. Waken da Turai ta ƙi, mu ne muke ci. Wasu 'yan kasuwa suna zuba wa wake irin wannan magani don kashe ƙwarin ajiya, alhali akwai buhu mai leda biyu a ciki da ke hana iska shiga, wanda aka fi sani da buhun PICS, da ke kashe ƙwarin ba tare da magani ba. Waken da ke warin magani a bar shi a kasuwa.

Gyaɗa da masara kuma suna da nasu abokin gaba: fumfunar da ke haifar da gubar afalatoksin, wadda ke jawo sankarar hanta, aka kuma alaƙanta ta da tsumburewar yara. Dahuwa ko suya ba sa kawar da ita. Gyaɗar da ta yi baƙi, ko ta yanƙwane, ko take ɗaci, a tsince a zubar. Abin takaici, irin wannan gyaɗa ce ta fi araha, kuma ita ce wani lokaci ke ƙarewa a ƙuli-ƙuli.

Inda gwamnati ta shigo

Zai zama rashin adalci a ce wa talaka ya koma wa wake a yi shiru. A tsakiyar 2024, alƙaluman Hukumar Ƙididdiga sun nuna farashin wake ya ninka fiye da sau uku cikin shekara guda, a ƙasar da ta fi kowace ƙasa noman wake a duniya. Ya sauko daga baya, amma darasin ya fito: abin da ake kira naman talaka ma yana iya fin ƙarfinsa. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a Yulin 2024 bai shafi mai ɗinkin hula ko mai tura kura ko mai suyar awara ba.

Abin mamaki shi ne, ilimin da ake buƙata yana nan kusa da ganuwa. A Samaru akwai Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello, wadda tushenta ya faro tun 1922, kuma ita ce ke da alhakin inganta irin wake da gyaɗa da dawa da masara a ƙasar nan. Ita ce ta fitar da irin wake mai suna SAMPEA 20-T a ƙarshen 2019, wanda aka sauya wa ƙwayar halitta don ya jure tsutsar da ke cin furen wake da kwansonsa. Masu goyon bayansa na cewa yana rage feshin magani, masu adawa kuma na nuna damuwa kan irin da aka sauya wa halitta, muhawarar da har yau ba ta ƙare ba. A Samarun dai akwai hukumar NAERLS mai kula da wayar da kan manoma. A Shika kuma akwai cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI, wadda ta samar da kazar ƙwai mai suna Shika Brown. Tazarar da ke tsakanin waɗannan cibiyoyi da tukunyar uwargida a Unguwar Juma kilomitoci kaɗan ce, amma a aikace tana da nisa.

Sai batun ciyar da 'yan makaranta. Jihar Kaduna ta fara nata shirin a Janairun 2016, gwamnatin tarayya ma ta kawo nata, wanda aka dakatar a Janairun 2024 tare da sauran shirye-shiryen tallafi bayan zarge-zargen almundahana. Ga yaron da gidansu ba a sayen nama, kwanon wake ko ƙwai ɗaya a makaranta yana iya zama furotin mafi inganci da zai samu a yinin.

Saboda haka akwai tambayoyin da ya kamata matasa su riƙa yi wa kansila da shugaban ƙaramar hukuma da 'yan majalisa. Nawa aka ware wa yaƙi da tamowa a kasafin bana, kuma nawa aka saki a zahiri? Wa ke duba waken da ake sayarwa a kasuwannin birni da Tudun Wada da Sabon Gari don gano maganin ƙwari? Cibiyoyin lafiya na unguwanni suna da maganin ƙarin jini na masu ciki kuwa? Manoman Giwa da ke noma mana hatsi za su iya zuwa gona lafiya?

A cikin gida, abin yi a bayyane yake: kada yini ya wuce ba a ci wani abu daga dangin wake, waken suya ko gyaɗa ba, a haɗa shi da hatsi da ganye, a riƙe nono da ƙwai ko da kaɗan ne, a kuma fara da yara da masu ciki. Wannan zai riƙe lafiyar iyali ko da nama ya yi nisa. Amma rashin nama da ya zo ta hanyar talauci ba abin yabo ba ne, kuma dabarar uwargida a madafa ba ta ɗauke wa masu mulki nauyin da ke wuyansu.